Saurayi, babban mutum da HIV: abin da ya kamata a ƙara a rahotonku

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri, kai da abokan aikinka baki ɗaya.

Na karanta rahoton da kuka buga albarkacin ranar yaƙi da cutar HIV ta duniya, wato 1 ga Disamba, wanda a ƙarshensa aka taɓo halin da samari baƙar fata masu neman maza, da masu neman maza da mata duka, suke ciki a nan Amurka. An ce cutar ta fi yi musu katutu, kuma haka ne. An kuma ce abin da ya jawo shi ne bin mutanen da suka girme su. Wannan ma da ƙamshin gaskiya, sai dai an yanke maganar a tsakiya, kuma rabin da aka bari shi ne wanda yake ceton rai. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Atlanta, jihar Jojiya, a wani asibitin da ake gwajin wannan cuta ana kuma ba da maganinta. Waɗannan samarin su ne nake ɗibar jininsu kullum. Shi ya sa na kasa yin shiru.

Na san wasu masu karatu za su ce ina ruwanmu da wannan. Ba na neman kowa ya sauya abin da addininsa ya koya masa, ni ma ban sauya nawa ba. Aikina shi ne duk wanda ya miƙo hannu in ɗaure masa robar ɗibar jini, kuma duk wanda ya zauna a kujerar nan ɗan wata ne. Ban da haka, jaridarku tana isowa nan ta waya. Akwai iyaye 'yan Afirka da suke renon 'ya'ya a Atlanta da Hustan da Niyok, kuma 'ya'yan nan da zarar sun fita ƙofar gida, baƙar fata ne na Amurka, lissafin da za a yi da su ke nan.

A shekarar 2016 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da wani ƙiyasi da har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. Ta ce idan abubuwa suka ci gaba a yadda suke, ɗaya cikin kowane biyu na maza baƙar fata masu neman maza zai kamu da HIV a rayuwarsa. A wajen fararen fata, ɗaya cikin 11. A nan garin namu, masu bincike na Jami'ar Emory, ƙarƙashin jagorancin Patrick Sullivan, sun auna ɗaruruwan maza masu neman maza daga 2010, suka tarar kashi 43 cikin 100 na baƙar fata suna ɗauke da cutar, fararen kuwa kashi 13. Da suka ci gaba da bibiyar waɗanda ba su da ita, sai suka ga a cikin samari baƙar fata 'yan shekara 18 zuwa 24, kusan kashi 11 cikin 100 ne suke kamuwa a kowace shekara. Ka tara samari goma yau, baɗi war haka ɗaya ya kamu.

Abin da zuciya take fara kawowa shi ne, to ai sun fi kowa sakaci. Wannan zato an bincika shi, ba sau ɗaya ba, kuma bai tsaya ba. Gregorio Millett, wanda shi ma ya yi aiki a CDC, ya tattara ɗimbin bincike ya tace su, ya buga sakamakon a 2007, ya sake faɗaɗa shi a mujallar Lancet a 2012. Abin da ya samu shi ne, maza baƙar fata ba su fi farare yawan abokan kwanciya ba, ba su fi su barin kwaroron roba ba, wajen shaye-shaye ma sun fi su kamewa. Amma sun fi su kamuwa nesa ba kusa ba. Inda suka sha bamban shi ne inshorar lafiya, da samun magani, da ɗorewa a kan maganin.

To daga nan ne maganar shekaru ta taso. Masu bincike suka ce, idan ba halin saurayin ne ya bambanta ba, watakila wanda yake tarayya da shi ne. A Los Anjeles, tun 2003, wani bincike a kan samari ya nuna cewa yin tarayya da waɗanda suka girme su yana daga cikin abin da ke bayyana wannan tazara. A San Faransisko a 2007 aka ga baƙar fata sun fi sauran samun abokin da ya girme su da shekara goma ko fiye, kuma sun fi yin tarayya a tsakanin junansu. A Karolina ta Arewa a 2010, Dakta Christopher Hurt da abokan aikinsa suka kwatanta samarin da suka kamu kwanan nan da waɗanda ba su kamu ba, suka ga wanda abokinsa ya girme shi da shekara biyar, haɗarinsa ya ninka. Binciken ƙarami ne, amma ya yi tasiri, kuma irinsa ne ya haifi jimlar da ta fito a rahotonku.

Dalilin ba wani abin ɓoye ba ne. HIV ba ta warkewa, wanda ya kamu ya kamu ke nan, saboda haka duk shekarar da aka ƙara, adadin masu ɗauke da ita a cikin sa'o'in juna yana ƙaruwa. A cikin 'yan shekara arba'in za ka tarar da masu ita fiye da cikin 'yan shekara ashirin, don kawai sun fi daɗewa a duniya. Mutum biyu ne kowa da gugarsa, kowa ya zura sau uku, amma rijiyar ɗaya ta fi ta ɗayan gurɓata. Ba yawan zura gugar ne ya raba su ba. Saurayi baƙar fata a Atlanta, ko da mutum ɗaya tak ya sani a rayuwarsa, yiwuwar a ce wannan mutum ɗayan yana da cutar ta ninka ta takwaransa farar fata sau uku, kuma idan mutumin ya manyanta sai ta ƙara hawa.

Akwai kuma abin da lissafi ba ya kamawa, wanda ni shi na fi gani. Wani yaro ya zo mana, shekararsa 19, siriri, da jakar goyo a baya wadda daga baya na gane duk abin da ya mallaka a ciki yake. Yana zaune yana ta juya waya a hannu, ko ɗaga kai ba ya yi. Na tambaye shi ko ya san matsayin mutumin da yake tare da shi. Ya ce bai taɓa tambaya ba. Na ce me ya hana? Ya ɗaga wayar ya nuna mini, ya ce shi yake biyan kuɗin layin. Gidan da yake kwana nasa ne, motar da ta kawo shi asibiti tasa ce, yana ma waje yana jira. Mahaifiyar yaron ta tattara masa kaya ta ajiye a bakin ƙofa ranar da ta ga saƙonni a wayarsa. Daga ranar, wanda ya buɗe masa ƙofa shi ne wannan mutumin mai shekara arba'in da wani abu. Yanzu ka gaya mini, da wane baki zai ce masa sai ka nuna mini takardar gwaji, ko sai ka sa kwaroro? Wanda kake ci a hannunsa, kake kwana a inuwarsa, ba ka kafa masa sharaɗi. Gwajin yaron ya fito lafiya a ranar, na kuwa yi hamdala a zuciyata kamar ɗan cikina ne. Bai fita ba sai da muka ɗora shi a kan maganin rigakafi.

Ba ina cewa kowane babban mutum macuci ne ba. Da yawa daga cikin samarin nan, abin da suke nema a wajen babba shi ne abin da suka rasa a gida, wato mai ba su shawara, mai tambayar ko sun ci abinci, mai nuna musu yadda ake cike takardar neman aiki. Na ga manyan da su ne suka kamo hannun saurayi suka kawo shi gwaji. Amma inda ɗaya yake da gida da albashi ɗayan ba shi da ko sisi, magana ba ta zama ta tsara da tsara. Wani abu kuma da dole in faɗa, cikin ladabi: a irin wannan tarayya, haɗarin ba ɗaya ba ne ga ɓangarorin biyu. Ƙiyasin CDC ya nuna wanda ake sadu da shi haɗarinsa ya ninka na ɗayan fiye da sau goma, kuma sau da yawa ƙaramin ba shi ke zaɓa ba.

Zuwa nan rahotonku bai yi kuskure ba. Inda nake jayayya shi ne darasin da mai karatu zai ɗauka, wato cewa idan saurayi ya guji manya ya tsaya kan sa'o'insa, ya tsira. Wallahi bai tsira ba. A 2015 Jeremy Grey da abokansa na Emory sun duba bayanan bincike huɗu, suka ga tazarar shekaru tsakanin abokan tarayya ba ta isa ta bayyana bambancin da ke tsakanin samari baƙaƙe da farare ba. Farare ma suna tarayya da manya. Abin da ya bambanta shi ne yawan cutar a cikin da'irar, kuma a wajen baƙar fata da'irar 'yan shekara ashirin ɗin kanta ta riga ta ɗauki wuta. Idan kashi 11 suna kamuwa duk shekara, ai ba sai an nemo ɗan shekara arba'in ba.

Akwai ma inda tsaran ya fi haɗari. A Amurka matasa 'yan ƙasa da shekara 25 su ne suka fi kowa rashin sanin suna ɗauke da cutar, a 'yan shekarun baya ƙiyasin ya kai kusan rabinsu. A makonnin farko bayan kamuwa, ƙwayar cutar tana cika jini maƙil, lokacin ne mutum ya fi yaɗa ta, kuma lokacin ne yake rantsuwa da gaskiyarsa cewa lafiyarsa ƙalau, domin gwajinsa na watanni shida da suka wuce haka ya nuna. A ɗaya gefen, ga mutum ɗan shekara 45 da ya san yana da ita, yake shan maganinsa kullum, har awon jini ya daina ganin ƙwayar. Wannan mutumin ba ya yaɗa ta ta hanyar saduwa. Ba fata nake yi ba, an auna. Binciken PARTNER2 da aka buga a 2019 ya bibiyi ɗaruruwan maza abokan tarayya a Turai waɗanda ɗaya yana da cutar yana kan magani ɗayan ba shi da ita. An ƙirga saduwa fiye da 76,000 ba tare da kwaroro ba, ba a samu ko mutum ɗaya da ya kamu daga abokin nasa ba. Saboda haka idan aka jera mini waɗannan biyun, ɗan shekara 22 da bai san matsayinsa ba da ɗan shekara 45 da ke kan magani, na san wanda nake jin tsoro, kuma ba mai furfurar ba ne.

Tambayoyin da suke da amfani su ne: yaushe abokin tarayyarka ya yi gwaji na ƙarshe, idan yana da ita yana shan magani, kuma kai kanka me ka riƙe na kariya wanda ba sai da yardar kowa ba?

Wannan na ƙarshen shi ne abin da ya sauya aikinmu. Tun watan Yulin 2012 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ƙwayar Truvada a matsayin rigakafi, abin da ake kira PrEP. Wanda ba shi da cutar yana sha kullum, kuma idan ya kiyaye, tana rage haɗarin kamuwa ta saduwa da kusan kashi 99 cikin 100. A ƙarshen 2021 aka amince da allura da ake yi duk wata biyu, a watan Yunin 2025 kuma aka amince da lenacapavir, allura sau biyu kacal a shekara. Ka duba abin da wannan yake nufi ga yaro irin wanda na ba da labarinsa. Kwaroro sai ɗayan ya yarda. Allura kuwa tsakaninsa da ma'aikaciyar jinya ce, babu kwalbar da za a gani a jaka, babu gardamar da za a yi da dare.

Amma wa yake samu? Alƙaluman CDC na 2022 sun nuna a cikin fararen fata da ya kamata su amfana da PrEP, kashi 94 an rubuta musu. A cikin baƙar fata, kashi 13. Wannan lambar ita ya kamata ta zama kanun rahotonku. Magani yana nan, ya fi shekara goma yana nan, amma ya tafi inda wutar ta fi sauƙi ya bar inda take ci.

Dalilan ina ganinsu a teburina. Kudancin Amurka yake ɗauke da kusan rabin sababbin masu kamuwa a ƙasar, kuma a nan ne jihohi irin su Jojiya da Alabama da Misisipi da Tekzas da Filorida suka ƙi faɗaɗa inshorar talakawa ta Medicaid yadda dokar lafiya ta zamanin Obama ta ba da dama. Saurayin da yake aikin awa-awa a gidan abinci ba shi da inshora, ba shi da likita nasa. Wanda ya kamu, akwai shirin Ryan White da aka kafa tun 1990 wanda yake ɗaukar nauyin maganinsa, to amma wannan sai bayan ya kamu. Wanda kuma yake da inshora, sau da yawa ta iyayensa ce, domin doka ta yarda yaro ya zauna a kan ta iyaye har shekara 26. Kamfanin inshora kuwa yana aika takardar bayanin abin da aka biya zuwa ga mai inshorar. Na ga saurayi, ɗalibin jami'a, ya karɓi takardar magani ya ninke ta ya mayar mini, ya ce idan wasiƙar nan ta isa hannun babansa ya gama yawo. Ya fi tsoron ambulan ɗin da ke zuwa gida a kan cutar. Akwai hanyoyin kauce wa wannan, muna kuma nuna musu, amma sai wanda ya zo ya faɗa.

Sai kuma rashin yarda da asibiti, wanda ba daga sama ya faɗo ba. Daga 1932 zuwa 1972, a Tuskegee ta jihar Alabama, hukumar lafiya ta gwamnati ta bar ɗaruruwan maza baƙar fata da ciwon tunjere ba magani, don a ga yadda ciwon yake cin jiki, har bayan an samu fenisilin. Jikokin mutanen wancan zamanin ne nake cewa su miƙo hannu in yi musu allurar da za ta zauna a jikinsu wata shida. Idan ɗaya ya tsaya yana yi mini tambayoyi, ba na ƙosawa.

A 2019 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin kawo ƙarshen annobar, ta ware ƙananan hukumomi 48 da cutar ta fi tsanani, huɗu daga ciki a kewayen Atlanta suke: Fulton, DeKalb, Cobb da Gwinnett. A waɗannan unguwannin ne 'yan uwanmu 'yan Afirka da yawa suke zaune. Shi ya sa nake so in yi magana da iyaye kai tsaye, musamman iyaye mata 'yan uwana.

Yaya, idan Allah ya jarrabe ki kika gano ɗanki yana cikin wannan hali, na san abin da za ki ji. Za ki ji kunya, za ki ji tsoron bakin mutane, za ki ji kamar ƙasa ta tsage ki shige. Ki yi kukanki, ki yi addu'arki, ki yi masa nasiha iya ƙarfinki, wannan haƙƙinki ne. Amma kada ki ajiye masa kaya a bakin ƙofa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Korar ba ta sauya shi, ban taɓa ganin wanda ta sauya ba. Abin da take yi shi ne ta ɗauke shi daga gidan da yake da gado da abinci kyauta, ta kai shi gidan da sai ya biya da jikinsa. Duk abin da masu bincike suka rubuta game da babban mutum da saurayi, a daren korar yake farawa. Yaron da yake da ɗakin kwana a gidan uwarsa yana iya cewa a'a. Kuma idan wata takarda ta zo daga inshora kika ga sunan maganin da ba ki sani ba, ki sani ɗanki yana ƙoƙarin tsare ransa ne. Ki bar shi ya ci gaba da sha.

Su kuma manyan, waɗanda na san wasu a cikinsu suna jin Hausa ko da ba za su taɓa faɗa ba: kai ne mai mota, kai ne mai inshora, kai ka san hanyar asibiti. Nauyin a wuyanka yake. Ka yi gwaji, idan kana da ita ka riƙe maganinka har awo ya daina ganinta, kuma kada ka jira yaron da yake jin nauyinka ya tambaye ka.

Malam Edita, roƙona shi ne idan za ku sake taɓo wannan batu, ku haɗa da abin da mai karatu zai iya yi da shi. Ku rubuta cewa CDC tana ba maza masu neman maza shawarar gwaji aƙalla sau ɗaya a shekara, masu haɗari sosai kuma duk wata uku zuwa shida. Ku rubuta cewa sauran cututtukan saduwa, irin su tunjere da ciwon sanyi, suna buɗe wa HIV ƙofa, don haka a riƙa gwada su tare. Ku rubuta cewa akwai PrEP, ƙwaya ko allura, kuma akwai shirye-shiryen da suke biya wa marar inshora. Ku kuma rubuta cewa wanda abu ya riga ya faru da shi, ko da yardarsa ko an tilasta masa, akwai maganin gaggawa mai suna PEP da ake sha kwana 28, amma dole a fara shi cikin awa 72, kuma ana samunsa a sashen gaggawa na asibiti ko da tsakar dare ne. Samari da yawa suna iso mana a kwana na huɗu ko na biyar, don babu wanda ya taɓa gaya musu akwai wa'adi.

Na gode da ba ni fili.

Wassalam,
Wata ma'aikaciyar jinya,
Atlanta, jihar Jojiya, Amurka